Yadda za a gane ƙwarewar ma'aikatan ƙaramin kamfanin nazarin muhalli

Malam, ka tambaya ko ƙaramin kamfani mai ma'aikata kaɗan zai iya nazarin tasirin da aikinku zai yi wa muhalli. Zai iya ƙwarai, matuƙar ka san wanda zai shiga filin da ƙafarsa.

Masani na gaske yakan gane tsuntsu da kukansa tun kafin ya gan shi, kuma ba zai yarda da binciken lokaci ɗaya a shekara ba, domin wasu tsirrai ba a rarrabe su sai sun yi fure, wasu tsuntsaye kuma masu ƙaura ne. Wannan batu yana damuna, saboda gaggawa takan sa a tsallake shi. Haka mai ɗibar samfurin ruwa, ya kamata ya auna iskar oksijin da ke cikinsa nan take a bakin rafi, tunda adadinta yakan sauya kafin kwalbar ta isa ɗakin gwaji.

Ka tambayi ma'aikatan kamfanin ko suna duba jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa na IUCN, wato ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai kare halittu da muhalli, sannan su nuna maka rahotonsu da hukuma ta taɓa amincewa da shi.