Land Cruiser ta gado: za ta yi hawan zuwa aiki kullum?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya. Mahaifinmu ya rasu bara, da aka raba gado motarsa Land Cruiser FJ60 ƙirar 1983 mai shan fetur ta faɗo a kasona. Ni ma'aikaci ne a Kano, ina zaune a Mariri, wurin aikina kuma Sharaɗa, kuma ni ke sauke yara uku a makaranta kowace safiya. Ƙaramar motata ta kwanta, shi ya sa na koma hawan wannan. Da damina ta kankama, bakanikena ya ce in kulle hab, wato makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba, in sa ta a fowil, wato H4 mai jan taya huɗu, in bar ta haka, wai ta fi riƙe titi idan an yi ruwa. Tun daga nan sitiyari ya yi nauyi. Idan na shiga shataletale sai in ji tana turjewa, tayoyi na kuka, gaba na ƙas-ƙas. Yanzu ƙaramar giyar ma, wadda ake sa fowil da ita, ta ƙi dawowa H2 mai jan taya biyu. Shi ya ce tsufa ne kawai. Hankalina bai kwanta ba saboda yaran. Motar nan za ta yi hawan yau da kullum, ko in sayar?

AMSA

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa aljanna ce makomarsa.

Malam, gobe da safe kada ka sa yaran nan a motar nan matuƙar tana H4. Ka nema musu a-daidaita-sahu na kwana biyu, ya fi maka sauƙi. Abin da kake ji a sitiyari ba shi da alaƙa da tsufa, shawarar bakanikenka ce take cin motar.

Wannan magana ta "fowil tana riƙe titi" kusan kullum sai na ji ta, daga direbobi, daga kanikawa, har daga mutanen da suka shekara ashirin suna tuƙa irin waɗannan motoci. Kuma ta ishe ni, domin tana karya motoci, tana kuma sa mutane gudun da bai kamata ba a kan jiƙaƙƙiyar kwalta.

Ka san kowane aksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayar hagu da ta dama, yana da difaransha da ke barin tayar hagu da ta dama su yi juyi daban-daban a kwana. To tsakanin aksul na gaba da na baya fa? A motarka babu komai. Da zarar ka kulle hab ka ja ƙaramar giya zuwa H4, furofelar gaba da ta baya, wato sandunan da ke kai juyi daga giya zuwa kowane aksul, sun zama ƙarfe ɗaya, dole su juya daidai wa daida. Ita kuwa kwana ba ta yarda da haka, saboda tayoyin gaba kullum suna zaga da'ira mafi faɗi fiye da na baya. Tsakanin aksul biyu na motarka mita 2.73 ne. Idan ka yi juyawar komawa inda ka fito, a ce tsakiyar aksul na baya yana nisan mita 6 daga cibiyar kwanar, na gaba zai kasance a wajen mita 6.6. A wannan juyi ɗaya kaɗai, gaba tana bukatar ta fi baya tafiya da kusan mita 2. Ina mita biyun nan za su je?

A yashi, ko taɓo, ko hanyar burji, taya ɗaya ce za ta ɗan zame ta saki ƙarfin, ba ka ma sani ba. Don irin wannan ƙasa aka yi H4. A kan kwalta kuwa taya ta kama ƙasa gam, ba ta zamewa, sai ƙarfin ya koma ciki yana murɗa furofela da haƙoran giya kamar yadda ake matse wanki. Nauyin sitiyarin da kake ji ke nan. Kukan tayoyi a shataletale, su ne suke gurzar titi suna neman mafita. Ƙaramar giyar da ta ƙi fita kuwa, haƙoranta ne suka cije da juna saboda matsin da ya taru.

Kada ka ce ai yawancin hanyarka miƙaƙƙiya ce. In tayoyinka irin na yawancinmu ne, gaba wani kamfani baya wani, biyu sababbi biyu 'yan Baljiyam, to ko a miƙe kake murɗawar tana taruwa. Bambancin santimita 1 a tsayin taya mai santimita 78 yana nufin kusan mita 13 a kowace kilomita. Lissafa daga Mariri zuwa Sharaɗa, zuwa da dawowa, kwana biyar a mako.

Ƙas-ƙas ɗin gaba shi ya fi damuna. A cikin kowace gwiwar aksul na gaba akwai wani haɗi mai ƙwallayen ƙarfe da ake kira Birfield, shi ke kai juyi ga taya yayin da take karkata. Yana da ƙarfi idan taya na miƙe, amma ya fi rauni idan an karya sitiyari har ƙarshe, wato daidai lokacin da matsin ya fi yawa. Idan ya fashe, gutsattsarinsa kan iya maƙalewa a cikin gwiwar su hana sitiyari juyawa. Ka yi tunanin haka a tsakiyar shataletale da ƙarfe bakwai da rabi na safe, tirela na bayanka.

Masu wannan shawara za su ce, ai da ruwa titi na santsi, taya za ta zame. Tana zamewa, amma ba a lokacin da kake so ba. Jiƙaƙƙiyar kwalta tana da kamun da zai tara matsin, sannan ta sake shi farat ɗaya a tsakiyar kwana. Motar da gabanta da bayanta ke kulle kuma ba ta son karkata, kana karya sitiyari tana neman wucewa gaba. Ga kuma babban abin da ba sa faɗa: fowil tana taimaka wa mota ta tashi ne, ba ta ƙara mata birki ko kaɗan. Kowace mota a titi, har ƙaramar Corolla, da taya huɗu take taka birki. Motarka kuwa ta kai kusan tan 2, doguwa ce, nauyinta a sama yake, tana kan sifirin na ganye gaba da baya, ba ta da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi. Direban da aka gaya wa motarsa "ta riƙe titi" sai ya ƙara wuta a cikin ruwa, alhali ta fi ƙananan motocin da ke layin bukatar dogon fili kafin ta tsaya, kuma ta fi su saurin kifewa idan aka fizgi sitiyari.

Na san inda ruɗanin ya samo asali. Range Rover tun 1970 da taya huɗu take tafiya kullum, haka Defender, haka da yawa daga Land Cruiser 80 da ta fito a 1990, da 100 da 200 da suka biyo baya. Waɗannan suna da difaransha ta uku a tsakiya wadda ke raba juyi tsakanin gaba da baya, shi ya sa kwalta ba ta dame su ba. Bakanike ya ga manyan mutane na yawo da su, sai ya ɗauka duk jif jif ce. Mutum bai taɓa buɗe akwatin ƙaramar giya ya ga abin da ke ciki ba, amma ya iya yanke hukunci, kuma idan abu ya karye ya ce tsufa ne ko ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda aka ba amanar motar da ke ɗaukar 'ya'yan mutane, in bai sani ba ya ce bai sani ba. Allah zai tambaye shi.

Ga yadda za ka fitar da giyar. Kada ka bari a doke ta da guduma ko a sa mata bututu a danna, za a lanƙwasa abin da ke ciki. Ka sauka daga kwalta ka hau ƙasa mai yashi ko tsakuwa, ka miƙe sitiyari, ka yi baya a hankali 'yan mitoci kana tura sandar da hannu ba da ƙarfi ba. Yawanci da kanta za ta faɗa H2. Sannan ka sauka ka mayar da hab biyun zuwa FREE. A cikin gari haka za ta zauna, rani da damina. In ka zo lungun da ya cika da taɓo, ka kulle, ka sa H4, ka wuce, ka cire da zarar taya ta taɓa kwalta. Amma da damina babu laifi ka bar hab a LOCK giya na H2 don kada ka riƙa sauka cikin ruwa, ɗan mai kawai za ta ƙara sha. Ko da rani ma ka riƙa yin haka sau ɗaya a wata na 'yan kilomitoci, domin mai ya zaga kayan gaba.

Game da ko za ta yi hawan kullum: za ta yi, in aljihunka zai ɗauka. Injin 2F mai lita 4.2 da silinda shida ba ya mutuwa da wuri, amma a cunkoson gari da wuya lita ɗaya ta kai ka fiye da kilomita 5 ko 6. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan lissafi ya zama na farko. Ka cika tanki, ka rubuta kilomita, ka yi mako guda, ka sake cikawa, sai ka gwada da albashinka. In ni ne, zan gyara ƙaramar motar don makaranta da ofis, in bar wannan don zuwa ƙauye da ranakun ruwa mai yawa. Ba ta da jakar iska, kuma ƙarfen jikinta da ake yabo ba ya lotsewa ya shanye bugu kamar na sababbin motoci, jikin wanda ke ciki ne ke karɓa. Yara su zauna a kujerar baya da bel, ba a bayan kaya ba.

In ka tsaya a kan hawanta, birki za ka fara dubawa kafin fenti ko rediyo. Robobin da man birki ke bi a canja su duka in ba a san ranar da aka sa su ba, a zubar da tsohon man, a daidaita gangunan baya. Tayoyi huɗu su zama iri ɗaya, girma ɗaya, ka karanta lambobi huɗun da ke gefensu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. A wanke lagireto, kuma duk wanda ya ce a cire tamostat don zafin Kano ka gode masa ka tafi. Takardar shaidar lafiyar mota kada ta ruɗe ka, sau da yawa ana buga mata hatimi ba wanda ya leƙa ƙarƙashin motar.

Kafin ka sake ɗaukar kowa a ciki, ka kai ta wurin wanda ya saba da Land Cruiser, ba mai wancan shawarar ba. A zubar da man akwatin ƙaramar giya da na aksul biyu a cikin tsabtataccen kwano, a duba ko akwai ɓarɓashin ƙarfe. A girgiza furofela biyun a ji ko haɗinsu ya yi sako-sako. A buɗe gwiwoyin gaba a fito da Birfield, a wanke, a duba tsaga, a sa sabon giris da sababbin robobin tare mai. In ɗaya ya tsage, ana samunsa a Ƙofar Ruwa, amma ka tafi da tsohon a hannu a gwada, kuma in an samu na asali ɗan Baljiyam mai lafiya ya fi sabo marar suna.