Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan ɗumin ruwan kwamin ninkaya a jirgin ruwan shaƙatawa

Assalamu alaikum 'yar uwa. Na ga tambayarki. Kin ce za ki tafi da Mama da yaranki biyu a jirgin ruwan shaƙatawa da zai zaga Bahar Rum a watan Afrilu, Mama tana fama da ciwon gwiwa, likita ya ce motsa jiki a cikin ruwa zai yi mata amfani, shi ne kike son ki san ko ruwan kwamin jirgin yana da ɗumi ko sanyi zai hana ta shiga. Allah ya ƙara mata lafiya. Na hau irin waɗannan jirage a yankuna masu zafi da masu sanyi, kuma ni mai son ruwa ce, kwami ne wurin da nake fara leƙawa da zarar na ajiye kaya. Ga abin da na gani.

In dai Afrilu ne, kuma Bahar Rum ne, kada ki sa rai da kwamin da ke fili a saman jirgi. Ki nemi jirgin da yake da kwami mai rufi. Ko da kamfanin ya rubuta cewa yana ɗumama ruwansa, wannan bai isa ya kwantar miki da hankali ba, domin abin da ya fi korar mutane daga kwamin jirgi iska ce, ba sanyin ruwan ba.

Da farko, ruwan kansa iri biyu ne. Wasu jirage ruwan daɗi suke zubawa, wanda suka ɗebo a tasha ko suka tace daga teku suka cire masa gishiri. Wasu kuwa ruwan teku suke jawowa kai tsaye, su tace shi. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka, wadda tun 1975 take da shirin duba tsaftar jiragen fasinja da ke zuwa tashoshin ƙasar, ta sharɗanta cewa kwamin da ruwan teku ke shiga yana fita ba za a yi aiki da shi haka ba sai jirgi yana tafiya, kuma ya yi nisan kilomita 20 daga gaɓa. Idan ya matso kusa da tasha, ko dai a zubar da ruwan, ko a rufe hanyar tekun a riƙa juya wanda ke ciki ana sa masa kulorin. Abin da ya shafe ki a nan shi ne, kwamin da aka cika da ruwan teku da daddare, da safe sanyin tekun za ki tarar a ciki, sai fa in an ɗumama shi. A Karibiyan wannan ba damuwa ba ce, tekun can yana tsakanin digiri 26 da 29 a ma'aunin Selshiyos kusan duk shekara. Bahar Rum kuwa a Afrilu bai gama farfaɗowa daga hunturu ba, ruwansa yana wajen digiri 15 zuwa 18. Sai Yuli da Agusta yake haura 24. Teku ba ya saurin ɗumi kamar ƙasa, shi ya sa ruwan Oktoba ya fi na Mayu ɗumi ko da iskar watannin biyu ta yi kama da juna.

Don ki samu abin aunawa: kwamin da ake gasar ninkaya ta duniya a cikinsa ana riƙe shi tsakanin digiri 25 da 28, kuma wannan ga mutanen da ke aiki da dukkan ƙarfinsu ne. Wanda zai tsaya ya riƙe bakin kwami yana ɗaga ƙafa a hankali, kamar yadda Mama za ta yi, digiri 26 sanyi ne a gare shi bayan 'yan mintuna. Kwamin da ake yi wa masu ciwon gaɓoɓi atisaye yakan haura digiri 30. A jiragen da na hau, inda ake ɗumama ruwa, galibi da rarar zafin injin jirgin, abin da jikina ya ji bai wuce ɗumin kwamin otal ba, wato mai daɗi ga mai motsi, ɗan sanyi-sanyi ga mai tsayuwa. In kuma kamfanin na Amurka ne za su ba ki lissafin da ma'aunin Faranhait: 80 a wurinsu bai cika digiri 27 ba, 82 kusan 28 ne, 86 kuma shi ne 30.

Yanzu ga maganar iska, wadda ita ce ba a rubutawa a takardun talla. Jirgin shaƙatawa yana tafiya da gudun da ya kai kilomita 35 zuwa 40 a awa ɗaya idan yana tsakiyar teku. Ko da ranar babu iska ko kaɗan, wanda ke tsaye a saman jirgi zai ji kamar ana iska mai wannan gudun, domin shi ne ke ratsa ta. In kuma jirgin yana fuskantar iskar teku, sai ki haɗa biyun. Kwamin kuma a can hawa na sama yake, wuri mafi buɗewa a jirgin. Muddin kina cikin ruwa zuwa wuya, lafiya lau. Da zarar kin fito da jiƙaƙƙen jiki, iskar nan ta fara busar da ruwan da ke fatarki, tana tafiya da zafin jikinki tare da shi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar gumin da ke tsattsafowa a bayanta. Taku goma tsakanin kwami da kujerar da kika bar tawul sun isa su sa haƙora kaɗawa. Na sha ganin rana tana haske tar, sama babu gajimare, hoton wurin sai ka ce tsakiyar bazara, amma mutane suna kwance a kujeru sun lulluɓe da tawul bibbiyu, kwami kuwa babu kowa sai yara biyu ko uku da leɓɓansu suka yi shuɗi suna rantsuwa ba sa jin sanyi. A Afrilu zafin rana a gaɓar Sifaniya da Italiya da Girka yana wajen digiri 17 zuwa 21. A kan titi wannan yanayi ne mai daɗi. A saman jirgi mai tafiya, da jiƙaƙƙen kaya, labari ya sha bamban.

Jirage suna da katangun gilashi a gefen kwami don tare iskar, kuma suna taimakawa, amma ba duka ɗaya ba ne. Kwamin tsakiyar jirgi, wanda gini ya kewaye gaba da baya, ya fi samun kariya. Na can bayan jirgi wani lokaci yakan yi lumus saboda ginin jirgin ya tare masa iskar gaba, wani lokaci kuma iskar takan kewayo ta gefe. Wanda ke hawa mafi tsayi, inda ake sa zamiyar yara, shi ne gidan iska. Ranar farko ki zaga da kanki yayin da jirgi ke tafiya, ki tsaya a bakin kowanne na ɗan lokaci, jikinki zai faɗa miki gaskiya fiye da taswirar jirgin.

Shi ya sa na ce rufi. Akwai jiragen da ke da rufin gilashi mai buɗewa da rufewa a kan babban kwaminsu. Jiragen kamfanin Holland America an san su da wannan, haka jiragen teku na kamfanin Viking, haka Queen Mary 2 ta kamfanin Cunard mai ratsa Atlantika tsakanin Ingila da Amurka. Ba banza ba irin waɗannan jirage suke yawan zuwa Alaska da gaɓar Nowe. A ƙarƙashin rufin nan iska ba ta shiga, ɗakin ya yi ɗumi, mutum ya fito daga ruwa ya zauna ba ya rawar ɗari. A ganina kwami mai rufi da ruwan digiri 27 ya fi kwamin fili mai digiri 29 daɗi nesa ba kusa ba. Sai dai ki lura da abu ɗaya tunda da yara za ki tafi: a jiragen Royal Caribbean da Celebrity, sashen da ke da rufin gilashi, wanda suke kira Solarium, na manya ne. Mama za ta ji daɗinsa, shiru ne, amma yaran ba za su shiga ba, sai in an ba da wasu sa'o'i na musamman saboda rashin kyawun yanayi, kuma wannan ba abin da za ki gina shiri a kansa ba ne.

Wani abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne ƙanƙantar kwamin. Jirgi mai ɗaukar mutum dubu huɗu ko biyar, amma kwaminsa bai fi falo babba ba. Dalilin nauyi ne. Ruwa mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, tan guda ne cur. Kwami mai mita 8 da mita 5 da zurfin mita ɗaya da rabi tan 60 ke nan, a can ƙololuwar jirgi, kuma nauyi ne mai kai-komo duk lokacin da jirgin ya karkata. Saboda haka idan teku ta tashi sai su zubar da ruwan su shimfiɗa raga a kai, kuma ba wanda zai iya yi miki alkawarin ranar da hakan zai faru. Bayan an sake cikawa, ruwan yakan ɗauki lokaci kafin ya dawo da ɗuminsa. Ƙanƙantar tana kuma sa yanayin ruwan saurin canzawa: da sassafe ya fi sanyi, bayan azahar zuwa la'asar ya fi ɗumi.

Ga dabarar da na fi amfana da ita. Ranar da jirgi ya wuni a teku kowa kwami yake nufa, ga cunkoso, ga kiɗa, ga iskar tafiya, ga masu ajiye tawul a kujera tun asuba su ɓace sai azahar (wannan hali dai ban san ranar da za a rabu da shi ba). Ranar da jirgi ya tsaya a tasha kuwa, yawancin fasinjoji sun sauka yawon gari, jirgin yana tsaye, iskar tafiya babu ita, kwami ya zama kamar naki ke kaɗai. Tafiyar Bahar Rum kusan kullum akwai tasha. In akwai garin da hawa da gangarensa za su wahalar da gwiwar Mama, to ranar ce ranar ruwanta. Ta shiga wajen ƙarfe biyu na rana, ta yi atisayenta ba mai bangazarta.

Za ki ga bahon ruwan zafi, wanda ake kira jakuzi, kusa da kowane kwami, kuma a rana mai sanyi nan kowa ke tururuwa. Ƙa'ida ita ce kada zafinsa ya wuce digiri 40. Yana sassauta gaɓoɓi, amma ba wurin daɗewa ba ne, allon da ke jikinsa yakan ce minti 15. Tunda Mama ta manyanta, in tana da hawan jini ko ciwon zuciya ko ciwon suga, ki tambayi likitanta kafin ku tafi, domin zafin yana saukar da matsin jini, mutum ya miƙe jiri ya kwashe shi a kan jiƙaƙƙen daɓe. Mai juna biyu da ƙananan yara an fi so su haƙura da shi. Akwai kuma ɗakunan alfarma masu jakuzi a barandarsu. A 2024 CDC ta ba da rahoton mutum 12 da suka kamu da wani mugun ciwon huhu a jirage biyu, kuma binciken ya nuna irin waɗannan bahon na baranda ne mafarin, domin ba a kula da su yadda ake kula da na jama'a. Ni dai na fi natsuwa da wanda nake ganin ma'aikaci yana auna ruwansa sau da yawa a rana.

Ta fuskar yara, in ƙaramin yana sa famfas, yawancin jirage ba za su bar shi ya shiga kwami ba, ko da famfas na ninkaya ne. Wasu jirage, irin na Disney da wasu na Royal Caribbean, suna da wurin fantsama ruwa daban don jarirai. Ba kowane jirgi ne ke da ma'aikacin ceto a bakin ruwa ba, inda yake ma idonki ne abin dogaro, domin kwamin jirgi yakan yi zurfi tun daga baki, ba ya gangarawa sannu a hankali. Yara kuma sun fi manya saurin rasa zafin jiki, ki fito da su ki goge su ko suna kuka.

Tufafi ma suna da nasu tasirin. Rigar ninkaya mai dogon hannu da wando mai tsawo suna tare rana, amma idan suka jiƙe sun fi riƙe sanyi a jiki bayan an fito, musamman in yadin mai kauri ne ko auduga. Ki sayi mai saurin bushewa, kowa ya samu biyu, kuma ki ajiye busasshiyar riga mai kauri da tawul dab da matakalar, ba can kan kujera ba. Jirgi yana ba da tawul. Takalmin roba mai riƙe ƙasa ya zama dole ga Mama. Kada kuma sanyin iskar ya ruɗe ku, ranar teku tana ƙona fata ko ba a jin zafinta.

Kafin ki biya kuɗi, ki rubuta wa kamfanin ko wakilin tafiyar, ki ambaci sunan jirgin takamaimai, domin jiragen kamfani ɗaya ma sun bambanta. Ki tambaya ko akwai kwami mai rufi, ko yara suna shiga cikinsa, ko ana ɗumama shi kuma zuwa digiri nawa. Sannan ki tambayi yadda ake shiga ruwan. Da yawa daga cikin kwamin jirage tsani ne na ƙarfe a miƙe, wanda mai ciwon gwiwa zai iya sauka amma hawowa ya gagare shi. Abin da Mama ke buƙata matakala ce mai faɗi da abin dafawa, ko kujerar da ke saukar da mutum cikin ruwa ta ɗago shi, wadda wasu jirage suke da ita amma sai an nemi ma'aikaci ya kunna. In tikitin bai riga ya tabbata ba kuma hutun yaran zai ba da dama, ƙarshen Satumba zai fi muku Afrilu a wannan teku. Allah ya kai ku lafiya, ki gaishe min da Mama.