Tambaya da Amsa: Wane ƙyalle zan saka wa jirgin ruwa mai tafiya da iska?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska a Las Palmas da ke tsibiran Kanari na ƙasar Sifen, ƙyallenmu ya tsufa har ya fara yagewa, ga shi oga na son mu tsallaka Atlantika zuwa Karebiyan a watan Nuwamba, wane iri ya kamata mu saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya ku nemi Dacron (wani yadi da ake saƙawa da zaren roba) mai kauri kawai, don tafiyar nan ta kai wajen mil 2,700 na teku kuma ba shagon gyara a hanya, shi Dacron ko ya yage da allura da zare za ka ɗinke abinka. Masu leda-leda ɗin nan na 'yan tsere sun fi sauƙin nauyi amma da sun sha rana da laima sai su fara ɓarewa, ga tsada.

Ka ce wa mai ɗinkin ya yi ɗinki layi uku, ya ƙara faci duk inda ƙyallen ke gogar ƙarfe, ya sa wurin naɗe ƙyallen a rage masa girma har uku saboda guguwa. Ƙyallen gaban jirgin kuma a ɗinka masa kariyar rana a gefe, don rana ce ke fara cinye zaren.