Amsa: Shin garin furotin zai iya maye gurbin abinci?

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka cewa kana fita daga Agege tun da asuba zuwa wurin aiki a Victoria Island, kuma kana son ka riƙa dama garin furotin kana sha a madadin karin kumallo da abincin rana.

A ganina, a madadin abinci ɗaya babu laifi, amma biyu ya yi yawa. Ludayi ɗaya na garin yakan ƙunshi furotin kimanin giram 20 zuwa 25, sai dai kuzarin da ke cikinsa bai cika wuce kalori 130 ba, wanda ba zai riƙe mutumin da zai kwashe awanni cikin cunkoson gadar Third Mainland sannan ya wuni yana aiki ba. Saboda haka idan za ka sha da safe, ka haɗa shi da ayaba da gyaɗa, da rana kuma ka nemi abinci na sosai, ko da alale ne da dafaffen ƙwai, domin ƙwai ɗaya ma yana da furotin giram 6.

Kada ka dama shi tun daga gida, zafin Legas yana saurin lalata shi. Ka tafi da garin a busasshe. Yawancinsa daga madara ake yin sa, don haka idan madara tana kumbura maka ciki, ka nemi na waken suya. Ka duba lambar NAFDAC kafin ka saya, kuma idan kana da ciwon ƙoda, sai ka fara tuntuɓar likita.