Hoton da ya fito shuɗi ba ya zama shaida

Laminu, ka ce duk hoton da ka ɗauka na ƙaramin akwatin kifin nan na shago yana fitowa shuɗi shar, kamar an tsoma salular a karofi, kuma kana tambaya ko akwai manhajar da za ka sauke ta gyara maka launi. Kada in ƙara jin zancen manhaja a bakinka. Ku yaran yanzu, abu bai yi ba sai ku ruga neman abin shafawa.

Fitilar ce shuɗiya, kuma da gangan aka yi ta haka. Ruwan teku yana shanye jan haske tun a sama-sama, shuɗin ne ke kaiwa ƙasa, da shi murjanin da ke cikin akwatin, wannan halittar teku mai kama da dutse, ya saba. Idonka ya kan daidaita da kansa, na salula ba ya iyawa. Ka ƙara farar fitila, ka rage shuɗiyar, ko ka ɗora ɗan gilashin nan mai ruwan goro a kan idon salular. Kashe famfon da ke juya ruwan akwatin, ruwa ya kwanta. Kada ka kunna filasha. Ka manna salular da gilashi miƙe, in ka karkata ko kaɗan hoton ya jirkice. Goge gilashi kuwa, in sai na faɗa maka to ka koma tallar ruwa.

Amma zauna ka ji abin da hoton shuɗi ya jawo mini, don har yau in na tuna sai abinci ya fita kaina.

Wani Alhaji ne a nan Damagaram, ba zan kama sunansa ba. Ya ga irin akwatin a wani otel a ƙasar waje, ya dawo ya ce lalle sai an yi masa a falonsa. Na ce masa Alhaji, wannan ba tarwaɗa ba ce da za a jefa a randa. Murjani dabba ne mai rai, a jikinsa akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, su ke ciyar da shi da haske, su ke ba shi launi. Zafin ruwansa daga digiri 24 zuwa 27 ne. In ya haura 30 ya daɗe a haka, sai ya tofar da su ya koma fari kamar ƙashi. Mu kuwa garinmu a Afrilu da Mayu zafi ya wuce 40 ba labari ba ne. Na ce kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba za ta mutu ba dare da rana, in an ɗauke wuta a tada gurup, wato injin wuta. Ya ce wannan ai ba komai.

Da hannuna na yanka gilashin, na haɗa shi da silikon, lita 100. Gishirin teku na buhu na sa aka kawo mini, giram 35 a kowace lita, da ruwan da aka tace da inji, don ruwan famfo da na ƴan ga-ruwa ba ya shiga akwatin murjani. Sati shida akwatin na aiki babu komai ciki sai duwatsu, ina jiran ƙwayoyin da ke cinye dattin kifi su kafu. Kullum sai ya bugo waya, wai ya biya kuɗi yana kallon dutse. Na daure. Sannan na tafi Legas da kaina, na ɗauko murjani takwas da kifaye biyu masu ruwan lemo da farin zane, na rungumo kula a cinya har Kano, daga Kano har gida, ban runtsa ba. Ko ɗaya bai mutu a hanya ba. Ka tambaya a garin nan ko akwai wanda ya taɓa yin haka.

Ranar da na miƙa aiki kowane murjani a buɗe yake, wani kore, wani ruwan ƙasa, gashinsu na kaɗawa. Na ɗauki hotuna da yamma a ƙarƙashin shuɗiyar fitila, don a nan suka fi ƙyalli. Saura jikka ɗari huɗu a kuɗina, ya ce in ya dawo daga tafiya.

Kwana goma sha biyu ya yi. Yana juya baya aka kashe kilim, wai falo ba kowa, kuma gurup na shan mai. Da ruwa ya ragu, yaron gidan ya yi tunanin gishirin ma ya ragu, ya jiƙa gishirin Bilma a ruwan famfo ya zuba. Ka riƙe wannan tunda ya zo: ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan inda yake. Abin da ya ƙafe, da ruwa zalla ake cike shi. Kuma ƙaramin akwati ba ya yafiya, lita biyu uku in suka tafi ƙarfin gishirin ya riga ya fara hawa. Gishirin Bilma na miya ne da na dabbobi, ba a haɗa shi da sinadaran da murjani ke gina ƙashinsa da su ba.

Da aka kira ni, tun daga ƙofar falo na ji warin. Ma'aunin zafi na kan 33. Shida sun yi fari fat, naman biyu yana saɓulewa kamar tsumma, kifi ɗaya ya maƙale a bakin famfo. Yaron ya gaya mini gaskiya a zaure, yana rawar jiki. Gaban maigidansa kuwa ya ce bai san komai ba, kuma ban ga laifinsa ba, abincinsa yake karewa.

Alhaji ya ce marasa lafiya na kawo masa tun farko. Muka je gaban mai unguwa. Na ciro salula da ƙarfin gwiwa, dattijon ya karɓa ya juya ta, ya matso da ita kusa da ido, ya ce malam ni shuɗi kawai nake gani. Alhaji ya sa aka ɗauko hoton akwatin na ranar, a ƙarƙashin fitilar nan dai. Laminu, wallahi da nawa da nasa ba su da wani bambanci a idon wanda bai san aikin ba, domin farin murjani ma shuɗi yake komawa a wannan haske. Aka ce in yi haƙuri. Jikka ɗari huɗu, da wahalar Legas, da sunana da ya yi ta ɓatawa a majalisa, duk aka ce in yi haƙuri. Har gobe in muka haɗu a jana'iza shi ke fara miƙo mini hannu.

Tun daga ranar ba na miƙa akwati sai na ɗauki hoto da farar fitila, kowane murjani shi kaɗai, kusa, yadda za a ga namansa. Sannan ɗaya na akwatin gaba ɗaya da ma'aunin zafi a ciki ana karanta lambar, in tura wa mai gidan a WhatsApp a gabansa don kwanan wata ya zauna. Mai ƙyallin da kuke so na Facebook, wannan sai daga baya in da lokaci.

Gobe bayan azahar ka zo da salularka. Kafin ka taɓa ta ka auna mini gishirin akwatin, don jiya na ga ruwan ya sauka ƙasa da layin da na zana, kuma kai na bar wa shagon.