Amsa ga ɗalibin digiri na uku da bayanan kogi suka tsayar

Ɗan'uwa, ka ce wata takwas ke nan hukumar da ke riƙe da bayanan kwararar kogi tana yi maka jeka-ka-dawo, bincikenka kan rabon ruwan madatsa ya tsaya cik, har kana tunanin barin fannin. Wallahi tambayarka ta sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi.

Kar ka bar fannin. Taken bincikenka za ka gyara ya dace da bayanan da za ka iya samu.

Abin da ya fi ƙona rai ma sai ranar da suka ba ka. Ka buɗe, ka tarar shekarun da aka yi babbar ambaliya babu komai, ruwa ya tafi da sandar awon. Wani watan kuma lamba ɗaya aka jera kwana 30, alamar mai karantawa bai ko leƙa kogin ba. Jadawalin da ke juya tsayin ruwa zuwa yawan kwarara kuwa tun da aka yi shi ba a sake aunawa ba, alhali yashi ya cike gindin kogin tuni. Duk da haka wani a hukumar zai ce sai an sa sunansa a maƙalarka. Kai, Allah ya kyauta!

Ka rubuta wa GRDC, cibiyar tattara bayanan kwararar kogunan duniya da ke Koblenz a Jamus, suna ba da bayanan kwarara kyauta. Na ruwan sama ka ɗauko CHIRPS, ƙiyasin da aka haɗa daga tauraron ɗan'adam da tashoshin awo, ya faro daga 1981, amma ka gwada shi da ko tashar awon ruwan sama ta ƙasa ɗaya ce tukuna. GRACE kuwa, wato awon tauraron ɗan'adam na sauyin yawan ruwan da ƙasa ke riƙe da shi, in kwarin kogin ƙarami ne, ɓata lokaci ne.

Rabon ruwa aikin manhajar WEAP ne. In SWAT ka shiga, wato manhajar da ke kwaikwayon kwararar ruwa a kwarin kogi, ka bar shekara 2 ko 3 na farkon bayanan manhajar ta zauna, kashi biyu cikin uku na sauran ka daidaita ta, ragowar ka gwada. Kowane ɓangare ya ƙunshi shekarun fari da na ruwa mai yawa. Ma'aunin Nash-Sutcliffe, mai nuna dacewar hasashen manhaja da awon gaske, in ya gaza 0.5, masu tantancewa za su dawo maka da maƙalar.

Af, jerin sunaye a maƙala, ku daddale da malamin da ke duba aikinka a rubuce tun yanzu. Mujallar da ta karɓi aiki cikin mako guda ta nemi kuɗi kuwa, duba ko tana Scopus, kundin mujallun bincike da aka tantance, kafin ka tura ko sisi.