Tambaya da Amsa: Tambarin Sana'ata Ya Ƙi Fitowa a Jikin Riga

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai aikin famfo ne, na shekara tara ina haɗa bututu da gyaran famfo a gidajen mutane, yanzu kuma na ɗauki yara biyu, na raɗa wa sana'ar suna. Wani mai zane ya yi mini tambari mai ɗauke da ɗigon ruwa da sifana da bututu da hoton gida, cikin launuka biyar. A waya yana da kyau ƙwarai, amma da aka ɗinka shi a rigar aiki sai ya koma kamar tabon fenti. Ina kuskuren yake, kuma me ya kamata in nema?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa sana'a albarka. Laifin ba na mai ɗinki ba ne, an dai ɗora wa tambarin kayan da suka fi ƙarfinsa, domin allura da zare ba sa iya fitar da ƙananan layukan da fuskar waya ke nunawa.

Ka tuna yanayin da mutane suke nemanka. Wanda bututu ya fashe masa, ruwa na malala a ɗaki, ba ya tsayawa kallon kyan zane. Yana ƙoƙarin tuna sunan da ya taɓa gani a jikin mota ko a kati, da lambar da zai kira. Saboda haka sunan sana'arka, a rubuce da haruffa masu kauri marasa lanƙwasa, shi ne rabin tambarin, hoto kuwa mataimaki ne. Cikin abubuwa huɗun nan ka zaɓi ɗaya. A ganina ɗigon ruwa ya yi yawa a kasuwa, domin masu sayar da ruwan sha ma da shi suke amfani, har ana iya ɗaukar ka ɗaya daga cikinsu. Bututun da aka lanƙwasa ya ba da siffar harafin farko na sunanka zai fi bambanta ka, ko da yake wannan shawara ce kawai.

Launi biyu sun isa. Shuɗi da ja sun dace da aikin, tunda su ne alamar ruwan sanyi da ruwan zafi a kan famfo, amma kada a rubuta ja a kan shuɗi, domin yana wahalar da ido. Ka kuma sani cewa fuskar waya tana haɗa launi da haske ne, tsarin da ake kira RGB, injin buga takarda kuwa da tawada huɗu yake aiki, wato CMYK, shi ya sa shuɗi mai haske a waya yakan fito a dushe a takarda. Ka sa mai zanen ya rubuta maka lambobin launukanka a tsarin biyu, don abin da aka buga a rasit ya yi daidai da na jikin mota.

Kafin ka biya ragowar kuɗin aiki, ka gwada zanen da kanka. A buga shi baƙi zalla, a kuma ƙanƙanta shi zuwa faɗin santimita 2, kamar yadda zai fito a hatimi. Ka sa shi a hoton WhatsApp ɗinka, wanda da'ira ne mai yanke kusurwoyi, sannan ka manna babbansa a bango ka ja baya kamar taku ashirin. Idan sunan ya ɓace a ɗaya daga cikin waɗannan, aikin bai ƙare ba.

Wurin da masu ƙananan sana'o'i suka fi cutuwa shi ne fayil. Hoton JPEG ko PNG da aka turo maka ta waya ɗige-ɗige ne, idan aka faɗaɗa shi sai ya farfashe. Ka nemi asalin zanen, wanda masu aikin ke kira bekta, a fayil na SVG ko AI ko PDF, domin shi ake faɗaɗawa daga girman kati zuwa girman allon talla ba tare da ya lalace ba. Ku rubuta a takarda cewa zanen ya zama mallakarka, kuma ka tambaye shi ko akwai hoton da ya ɗauko daga intanet, saboda irin wannan hoto yana hannun mutane da yawa, ba za ka iya hana kowa amfani da shi ba.

Idan ka yi niyyar yi wa tambarin rajista, yawancin ƙasashe suna bin tsarin da ya samo asali daga yarjejeniyar birnin Nis na Faransa ta 1957, mai raba kayayyaki da ayyuka zuwa rukuni 45 a yau, kuma aikin famfo yana cikin rukuni na 37, tare da gini da gyare-gyare. Ka fara bincika ko wani ya riga ka ɗaukar sunan kafin ka sake ɗinka riguna.